Tambari da Mabuɗi: Tarihin Izini Daga Duwatsun Ahaggar Zuwa Girgijen Kwamfuta

Da magaribar ranar 1 ga Disamba 1916, wani mutum ya ƙwanƙwasa ƙofar wata 'yar ganuwar laka a Tamanrasset, can cikin duwatsun Ahaggar a kudancin Aljeriya ta yau. Mai gidan Bafaranshe ne, sunansa Charles de Foucauld, ya shekara goma sha ɗaya a wurin yana tattara kalmomin harshen Abzinawa, aikin da aka buga bayan mutuwarsa ya zama ƙamus mai juzu'i huɗu. Zaman ɗar-ɗar ake yi a lokacin, domin yaƙin duniya na farko ya taso da ƙura har cikin Sahara, saboda haka ya gina ganuwar da ƙofa ɗaya tak, gajeriya, ya kuma ajiye 'yan bindigogi da harsasai a ciki. Da ya tambaya ko wane ne, sai murya ta amsa cewa mai kawo wasiƙa ne. Muryar kuwa ya san ta, ta wani manomi ce da ake kira El Madani, wanda ya saba shiga wurinsa. Ya buɗe ƙofa ya miƙa hannu, aka cafke hannun, aka fizgo shi waje, inda mahara masu alaƙa da Sanusiyya suke laɓe. Kafin dare ya yi nisa an harbe shi.

Tambaya biyu ce ke gaban duk mai tsaron ƙofa, kuma ya kamata ɗalibi ya bambanta su tun daga nan. Ta farko ita ce, wane ne kai? Ta biyu kuma, da wane matsayi ka zo, me matsayin ya halatta maka? Foucauld ya sami amsar ta farko daidai, domin El Madani ne da gaske. A ta biyun aka yaudare shi, mutumin ya ari matsayin da ba nasa ba, ƙofa kuwa matsayin ta buɗe wa. Waɗannan tambayoyi biyu su ne manhajar kula da girgijen kwamfuta take yi a yau duk sa'ad da ma'aikaci ya danna maɓalli don ya goge fayil ko ya kunna sabar, kuma tsarin da ta fi dogara da shi wajen amsa ta biyun shi ne ba da izini bisa muƙami, wanda masana suke taƙaita sunansa da RBAC. Injiniyoyin Amurka ne suka rubuta ƙa'idojinsa, amma tunanin da ke ƙarƙashinsa ya girme su da ƙarnuka, kuma ƙasar da aka kashe Foucauld a cikinta wuri ne mai kyau na ganin yadda yake aiki da inda yake yoyo.

Mutanen Ahaggar, wato Kel Ahaggar, ba su san iko a jikin mutum ba, a jikin ganga suka san shi. Sunan gangar ettebel, kuma masana harshe suna danganta ta da ɗabl ta Larabci da tambarin da Bahaushe ya sani a ƙofar fada. Kalmar tana ɗauke da ma'ana uku a lokaci guda: gangar kanta, da sarautar da take wakilta, da dukan ƙabilun da suke amsa kiranta. A ƙarni na 19 tambura uku ne a ƙasar, na Kel Ghela da na Taitoq da na Tegehe Mellet, kuma mai riƙe da tambarin Kel Ghela shi ne amenokal, babban sarkin Ahaggar. Wanda ya karanta tarihin Adar da Gobir zai tuna cewa shugabannin Kel Geres ma Tambari ake kiransu, sunan kayan aiki ya zama sunan sarauta.

Abin lura shi ne yadda ake shiga wannan muƙami. Ba ɗan sarki ke gadon sarki ba. Haƙƙin neman tambari ta wajen uwa yake bi, saboda haka ƙanen sarki da suke ciki ɗaya, ko ɗan 'yar'uwarsa, ya fi ɗan cikinsa kusa da gangar. Wannan haƙƙi kuma cancantar tsayawa kawai yake bayarwa, sai manyan masu sarauta da shugabannin talakawa sun taru sun amince kafin mutum ya hau. Da zarar ya hau, sai abubuwa su zo hannunsa waɗanda jiya ba shi da su: ya karɓi tiwse, harajin shekara da ƙabilun da ke ƙarƙashinsa suke kawowa, ya raba kwaruruka da makiyaya, ya kira yaƙi, ya ci amfanin garken da yake mallakar tambarin ne, wanda ba ya shiga gadon 'ya'yansa. Ran da ya mutu, duk wannan ya koma ga gangar, ya jira mai zuwa. Sarki goma zamani goma, in ji Hausawa, amma tambarin ɗaya ne.

Ƙarƙashin sarki ma haka abin yake, kowane rukuni da abin da aka buɗe masa da abin da aka rufe. Ihaggaren, masu sarauta, su ne ma'abota raƙuman hawa da takobi da kai hari. Kel Ulli, wato mutanen awaki, irin su Dag Ghali da suke zaune a tsaunukan Atakor, su ne masu kiwo, suna riƙe da ƙasar da aka yanka musu muddin suna biyan tiwse, kuma baƙo ba ya kiwo ko farauta a cikinta sai da yardarsu. Ineslemen suna da alƙalami da sulhu, inaden suna da maƙera da kai saƙo tsakanin manya. A can ƙasa kuma akwai iklan, bayi, da manoman da aka kawo daga Tidikelt su yi noman lambu a kan wani ɗan kaso na amfanin gona. Ba na son mai karatu ya ɗauka yabon wannan tsari nake yi. Tsari ne da haihuwa take yanke wa mutum matsayinsa, wanda aka haifa bawa kuwa babu ƙofar da take buɗe masa. Abin da nake nunawa kawai shi ne fasalinsa: ba a jera sunayen mutum dubu a ce wane ya sha a rijiyar nan, wane kada ya sha. Ana cewa ne rukuni kaza yana da haƙƙi kaza a wuri kaza, sa'an nan a duba ko mutum ɗan rukunin ne.

Fataken ƙasar Hausa ba baƙi ba ne ga wannan dabara. A ayarin goro mai zuwa Gwanja, madugu ne mai yanke shawarar tashi da sauka, jagaba ya wuce gaba ya duba hanya da zango, uban dawaki ya je ya daidaita kuɗin fito da sarakunan hanya, malamin ayari ya riƙe lissafi. In madugu ya kwanta ciwo aka naɗa wani, ba a sake koya wa ayari wanda zai bi, domin muƙamin suke bi. A Agadas kuma Sarkin Turawa ne mai kula da fataken da suka zo daga arewa, kalmar Turawa a lokacin tana nufin Larabawa. Su ma mutanen Ahaggar, daga ƙarshen ƙarni na 19, sun riƙa ɗora gishirin Amadghor a kan raƙuma suna gangarowa da shi Damargu su musanya da gero, inda suke ciniki da masu jin Hausa.

Baƙon da ya raina wannan tsari ya ɗanɗana kuɗarsa. A Disamba 1880 Kanar Paul Flatters ya taso daga Wargla da mutum casa'in da 'yan kai, da nufin auna hanyar da Faransa take mafarkin shimfiɗa dogo a kanta har ƙasar Sudan. Amenokal na lokacin, Ahitaghel, ba ya son wucewarsu ta ƙasarsa, Flatters kuwa ya ci gaba da tafiya, ya dogara da 'yan jagoran da aka haɗa shi da su. Ranar 16 ga Fabrairu 1881 waɗannan 'yan jagora suka raba shi da yawancin mutanensa, suka kai shi bakin wata rijiya, aka kashe shi a can. 'Yan kaɗan ne suka koma gida da rai, kuma Faransa ta shekara ashirin ba ta sake tunkarar Ahaggar ba.

Da ta dawo, da bindiga ta dawo. Ranar 7 ga Mayu 1902, a Tit, kimanin kilomita 40 arewa da Tamanrasset, Laftanar Cottenest ya karya mayaƙan Kel Ahaggar. A farkon 1904 Musa ag Amastan ya je In Salah ya yi sulhu, Faransawa kuma suka tabbatar da shi amenokal a 1905, alhali Attici, wanda ya ƙi su, yana raye. A nan ne abin da ya fi jan hankalina ya faru. Hafsoshin Faransa mutum ɗaya suke so wanda za su riƙe da alhakin kome, saboda haka suka ɗauki muƙamin da a da yake ɗaure da shawarar manya da yardar talakawa, suka yi ta loda masa iko. Bayan tarzomar 1916 da 1917, wadda ta haɗu da yaƙin Kawusan a Agadas, aka karya ƙarfin Taitoq, ƙasarsu ta koma ƙarƙashin amenokal. A ido muƙamin ya ƙasaita, amma ainihin mabuɗin ya koma aljihun hafsan da ke zaune a bariki, wanda takardarsa ce take sa ayari ya tashi. Garin ma Fort Laperrine aka riƙa kiransa, da sunan janar ɗin da ya mutu a hamada a 1920 bayan faɗuwar jirginsa, shekarar da shi ma Musa ya rasu. Sarautar ta ci gaba har zuwa Bay ag Akhamouk, wanda ya ga samun 'yancin Aljeriya a 1962 ya rasu a 1975, amma rabon ƙasa da karɓar haraji sun riga sun bar hannun ganga sun koma hannun gwamnati.

To, yanzu mu bar raƙuma mu koma ga na'ura, domin matsalar da ta sa aka ƙirƙiri tambari ita ce ta tasar wa masu kwamfuta a shekarun 1960, lokacin da mutane da yawa suka fara aiki da na'ura ɗaya. Dabarar farko mai sauƙi ce: kowane fayil a liƙa masa jerin sunayen waɗanda za su iya karanta shi ko canza shi. A 1971 Butler Lampson ya zana abin kamar allo mai layuka, mutane a gefe, kayayyaki a sama, kowane gida a rubuta abin da aka yarda. A ƙaramin ofis wannan ya isa. Amma a banki mai ma'aikata dubu goma, in aka yi wa akawu canjin wurin aiki, sai an bi ɗaruruwan jeri ana goge sunansa ana rubutawa a wasu, kuma ba a rasa inda za a manta. Wanda ya daɗe a ma'aikata sai ya tara mabuɗan duk ofisoshin da ya taɓa zama. Tun a 1975 Jerome Saltzer da Michael Schroeder suka yi gargaɗi cewa kada a ba kowa izinin da ya wuce buƙatar aikinsa, sai dai faɗa ta fi cikawa sauƙi.

A 1992 David Ferraiolo da Richard Kuhn, na hukumar ƙa'idoji da fasaha ta Amurka, NIST, suka gabatar da takardar da ta zama tushen tsarin yau. Sun saka muƙami a tsakanin mutum da izini. Izini ba ya taɓa mutum kai tsaye, a jikin muƙami ake rataya shi, mutum kuma a naɗa shi muƙamin. Sharuɗɗansu uku ne: ba mai yin kome sai yana riƙe da muƙami, muƙamin sai an halatta masa shi, aikin kuma sai yana cikin abin da muƙamin ya ƙunsa. A 1996 Ravi Sandhu da abokan aikinsa suka ƙara fayyace abu biyu. Na ɗaya, muƙamai su yi hawa-hawa, babba ya gaji izinin na ƙasa da shi, kamar yadda hakimi yake da duk abin da dagaci yake da shi har da ƙari. Na biyu, a iya haramta haɗa wasu muƙamai a hannu ɗaya, wanda ya rubuta takardar biyan kuɗi kada ya zama shi ne mai sa mata hannu. A 2004 tsarin ya zama ma'auni na ƙasa a Amurka.

Girgije, a bakin masu wannan sana'a, yana nufin ɗimbin kwamfutocin wani kamfani da ake haya ta intanet, mai haya bai taɓa ganinsu da ido ba. Tun da babu ƙofar ƙarfe da zai sa wa kwaɗo, duk tsaronsa ya koma kan ƙa'idar izini. Ga yadda binciken yake gudana. Ma'aikaciya ta shiga da sunanta da kalmar sirri, wataƙila da lambar da aka turo wa wayarta. An amsa tambaya ta farko ke nan. Ta nemi goge wani rumbun bayanai. Manhaja sai ta tattaro muƙaman da aka naɗa ta, da na rukunin da take ciki, ta duba abu uku a kowanne: wane aiki ya halatta, a kan wane kaya, a cikin wace iyaka. In ba ta ga inda aka yarda ƙarara ba, amsa ita ce a'a. A tsarin Amazon, wanda ya fito da hidimar IAM ga kowa a 2011, hani ɗaya da aka rubuta a fili yana rushe yarda ko nawa ce. A Azure na Microsoft akwai manyan muƙamai da aka tanada, na mai mallaka da na mai aiki da na mai kallo kawai, kuma wanda aka naɗa a babbar iyaka ikonsa yana gangarowa kan duk abin da ke ƙarƙashinta, tamkar amenokal da kwarurukansa. Kubernetes, wadda tsarin muƙamanta ya kammala a 2017, ba ta da hani ko ɗaya, izini ƙaruwa kawai yake yi, saboda haka abin da ba a bayar ba shi ne a rufe. Tana da wani umarni, kubectl auth can-i, da mutum zai tambayi na'ura ko an yarda masa ya yi abu kaza tun kafin ya gwada. Mai kula da tsari yana iya yin tambayar a madadin wani, ya ga abin da wancan zai iya, kuma a ganina wannan ɗabi'a ta fi yawancin kayan tsaro masu tsada amfani.

Inda tsarin yake yoyo kuwa shi ne inda na Ahaggar ya yi. Injiniya yana sauri, wata manhaja ta ƙi aiki saboda rashin izini, sai ya sa alamar tauraro, wadda take nufin kome da kome, da niyyar gobe zai gyara. Goben ba ta zuwa. A hankali muƙami ɗaya ya kumbura kamar na Musa a hannun Faransawa, duk wanda ya riƙe shi ya riƙe gari. Kuma a girgije ba mutane kaɗai ake naɗawa ba, har na'urori suna da muƙami, ana ba su mabuɗi na ɗan lokaci su yi aiki da shi. A Yuli 2019 bankin Capital One na Amurka ya sanar da cewa an kwashe bayanan mutum kusan miliyan 100 a Amurka da kusan miliyan 6 a Kanada. Wadda ta yi kutsen ba ta fasa rumbun ba. Ta yaudari wata na'urar tsaro da ba a saita daidai ba har ta miƙo mata mabuɗin muƙaminta, muƙamin kuwa an ba shi damar karanta rumbunan da aikinsa bai buƙata. Kowace buƙata da ta aika, manhaja ta duba ta ga muƙami halattacce ne, ta buɗe. A 2020 hukumar da ke sa ido kan bankuna ta ci bankin tarar dala miliyan 80.

Tamanrasset ta yau birni ce babba, hedikwatar jiha tun 1974, zango a kan titin da ya taso daga Aljas ya bi In Guezzam da Arlit da Agadas da Damagaram ya shiga Kano, kuma Hausa tana cikin harsunan da ake ji a kasuwarta, musamman lokacin baje kolin Assihar. Cinikin ba-ni-gishiri-in-ba-ka-manda da Nijar da Mali bai mutu ba, doka ce ma take tsare da shi, wadda aka sabunta a 2020. Dokar ta jera kayan da za a fitar, irin su dabino da gishiri, da waɗanda za a shigo da su, irin su dabbobi da lalle da gero. Ba kowa ne zai yi wannan ciniki ba, sai babban ɗan kasuwa mai rajista da ke zaune a jihohin kudu da aka ambata, kuma gwamna ne yake fitar da jerin sunayensu kowace shekara. Aiki, da kaya, da iyaka, da wanda aka naɗa: fasalin bai canza ba. Sabunta jerin shekara-shekara shi ne abin da masu girgije suke kira bitar izini, wato a zauna lokaci-lokaci a tambayi kowane muƙami ko mai riƙe da shi yana nan, ko har yanzu yana buƙatarsa, kuma shi ne aikin da aka fi yin kasala a kansa, domin babu wanda yake yabon mai karɓe mabuɗi.

Ganuwar Foucauld tana nan tsaye a tsakiyar garin, masu ziyara suna sunkuyawa su shiga ta 'yar ƙofar. Ainihin mai kawo wasiƙar, wani sojan raƙumi, ya iso washegari, ranar 2 ga Disamba, ya tarar da maharan ba su tashi ba, shi ma suka kashe shi.